Hujjojin da Turawa Suka Kafa na Yaƙar Kano da Sakkwato a 1903 da Yadda Sakamakonsu Ya Shafi Kudancin Katsina

3.0 Gabatarwa

Duk hukumar da za ta ɗaura yaƙi takan fara da gabatar da hujja ga mutanenta, domin su ne za su ba da 'ya'yansu da dukiyarsu. Akasarin irin wannan hujja kuwa takan dogara ne a kan rahoton 'yan leƙen asiri, wanda talaka ba shi da hanyar da zai bi ya tabbatar da gaskiyarsa. A wannan babi za a yi ƙoƙarin bin diddigin dalilan da Gwamna Lugga ya bayar na kai yaƙi Kano da Sakkwato a shekarar 1903. Za a dubi inda labaran suka fito, da ƙarfinsu ko rauninsu, da kuma yadda aka isar da su ga gwamnatin Ingila. Daga nan sai a nuna yadda sakamakon yaƙin ya faɗa a kan manoman kudancin Katsina, wato yankin Funtuwa da Malumfashi, alhali sarkinsu bai ja daga da Turawa ba.

3.1 Kudancin Katsina a Jajibirin Yaƙi

Kudancin Katsina ƙasa ce ta laka mai albarkar noma, wadda ta fi arewacin masarautar samun ruwan sama. Daga kusa da Funtuwa ne Gulbin Sakkwato ya faro. Tun kafin zuwan Turawa an san yankin da noman dawa da auduga, garin Maska kuma ya yi suna wajen saƙa da rini. Ta fuskar mulki, ƙasar Maska tana hannun Sarkin Maska, ƙasar Malumfashi kuma tana hannun Galadiman Katsina, dukkansu a ƙarƙashin Sarkin Katsina Abubakar, wanda shi kuma yake biyayya ga Sarkin Musulmi.

Yankin yana iyaka da Zazzau ta kudu, da Kano ta gabas, da Zamfara ta yamma. Saboda haka fatake da matafiya ba sa yankewa a hanyoyinsa, kuma labari yana tafe tare da su. Tun daga farkon 1902, lokacin da Sarkin Zazzau Kwasau ya nemi taimakon Turawa a kan Sarkin Sudan na Kontagora Ibrahim Nagwamatse, sojan Turawa suka kafa sansani a Zariya. Daga Zariya zuwa Maska bai wuce tafiyar kwana biyu a ƙafa ba. Ke nan tun shekara guda kafin yaƙi mutanen kudancin Katsina suka zama maƙwabtan bariki. A Zariyar nan ne Razdan Abadie, wanda Hausawa suka laƙaba wa suna Mai Jimina, yake tattara labarin Kano daga bakin fatake da tafintoci da yaran Turawa, yana aika wa Lugga a Zungeru.

3.2 Hujja ta Farko: Wasiƙar Sarkin Musulmi

Ranar 1 ga Janairu, 1900 aka sauke tutar Kamfanin Neja a Lakwaja aka ɗaga ta Ingila, Lugga ya zama Babban Kwamishina na Arewa. A lokacin, ikon Turawa bai wuce bakin kogunan Kwara da Binuwai ba. Abin da Ingila take taƙama da shi a gaban sauran ƙasashen Turai shi ne yarjejeniyoyin da wakilan kamfani suka ce sun ƙulla da Sakkwato a 1885 da 1890 da 1894. Waɗannan takardu na zumunci ne da ciniki, ba su ba kowa ikon naɗa sarki ko cire shi ba. Duk da haka Lugga ya tuɓe sarakunan Kontagora da Bida a 1901, ya ci Yola a wannan shekara, sannan ya shiga Bauci a farkon 1902. Bayan ya aikata ne yake rubuta wa Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda ake kira Ɗanyen Kasko, yana sanar da shi.

Lugga ya ce a wajejen watan Mayu na 1902 ya sami wata gajeriyar wasiƙa daga Sarkin Musulmi. Ma'anar abin da ya ce tana ɗauke da shi ita ce, Sarkin Musulmi bai yarda ko Bature ɗaya ya zauna a ƙasarsa ba, kuma babu wata hulɗa tsakaninsu sai irin wadda take tsakanin Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba, wato yaƙi. Wannan wasiƙa ce Lugga ya ɗauka a matsayin shelar yaƙi da kuma warware duk wani alkawari na baya.

Akwai abubuwa uku da suka sa masana tarihi suka yi wa wannan hujja kallon tsanaki. Na farko, Muffett, wanda ya taɓa zama jami'in mulki a Arewa, ya nuna a littafinsa na 1964 cewa fassarar Ingilishi kaɗai ake da ita, ba a ga asalin Larabcin wasiƙar ba. A ganinsa tana yiwuwa an yi kuskuren fassara, ko kuma an ƙara mata gishiri. Na biyu, akwai wata wasiƙa da ta zo daga Sakkwato a daidai wannan tsakani game da al'amarin Bauci, wadda lafazinta ya fi sassauci. Abin da take nufi shi ne ba a nemi taimakon Turawa ba, kowa ya riƙe addininsa. Wannan ƙin amincewa ne, amma bai kai shelar yaƙi ba. Na uku, wanda kuma ya fi muhimmanci, shi ne Sarkin Musulmi Abdurrahman ya rasu a watan Oktoba na 1902, aka naɗa Muhammadu Attahiru na ɗaya. Wato wanda aka ce ya rubuta wasiƙar ya bar duniya wata biyar kafin a yaƙi birninsa.

Wasu masana suna ganin wasiƙar ta dace da halin Abdurrahman da kuma irin ɓarnar da Turawa suka riga suka yi wa daularsa, don haka ba abin mamaki ba ne idan shi ya rubuta ta. Ko da an karɓi wannan ra'ayi, tambayar da ta rage ita ce, me ya hana a aika wa sabon Sarkin Musulmi da manzo a ji ta bakinsa kafin a ɗaura ɗamara? Da Kanar Morland ya rubuta masa bayan an riga an ci Kano, amsar da Attahiru ya bayar ita ce zai tara mashawartansa, sannan ya sanar da abin da suka yanke. Turawa ba su tsaya jiran wannan shawara ba.

3.3 Hujja ta Biyu: Kisan Kyaftin Maloni

Ranar 3 ga Oktoba, 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa, wanda yake wakilin Sarkin Zazzau a Keffi, ya kashe Razdan Kyaftin Maloni a ƙofar fada. Riwayoyi da dama sun ɗora laifin rikicin a kan tafinta Audu Timtim, wanda ake zargin yana juya maganar kowane ɓangare idan zai isar da ita ga ɗayan. Shi ma a ranar aka kashe shi. Idan riwayar ta inganta, to tun daga tushe matsalar ta isar da labari ce, domin Bature ba ya jin Hausa sosai, Magaji ba ya jin Ingilishi, kunnen kowannensu yana hannun mutum ɗaya.

Magaji ya gudu zuwa Kano, Sarki Alu ya karɓe shi da girmamawa. Babu mai musun wannan, kuma Turawa suna da dalilin jin haushi. Sai dai ba da mafaka ga Musulmin da ya gudo abu ne da shari'a da al'ada suka ɗora wa sarki, kuma hanyar da aka saba bi ita ce a aiko manzo a nemi a miƙa shi, a yi ta ja-in-ja. Bugu da ƙari, an riga an kama Sarkin Zazzau Kwasau an fitar da shi daga Zariya tun watan Satumba, wato kafin kisan Maloni. Wannan yana nuna cewa matsawar Turawa zuwa iyakar Kano ta riga abin da ya faru a Keffi. Abin da Hausawa kan ce ne, mai neman kuka an jefe shi da kashin awaki.

3.4 Hujja ta Uku: Labarin Harin Zariya

Hujjar da ta fi tsorata mahukuntan Landan ita ce rahoton cewa Sarkin Kano yana shirin auka wa 'yan sojan da ke Zariya. An ce har ya fito da runduna a ƙarshen 1902, labarin rasuwar Sarkin Musulmi ne ya mai da shi gida. An haɗa da cewa yana gyaran ganuwa yana sayen bindigogi. Lugga ya ƙara da cewa ayarin Turawan Ingila da Faransa masu shata kan iyaka, bisa yarjejeniyar 1898, zai ratsa ta ƙasar Katsina, kuma ba za a iya kare shi ba muddin Kano tana tsaye.

Gyaran ganuwa dai gaskiya ne, amma ganuwa kayan kare kai ce, kuma sarkin da ya ga abin da ya sami Bida da Yola da Zariya dole ne ya gyara tasa. Shi kuwa harin, bai taɓa aukuwa ba. Abin da ya faru shi ne a farkon Janairu na 1903 Sarki Alu ya bar Kano da mahaya kimanin 2,000 ya nufi Sakkwato domin yi wa sabon Sarkin Musulmi mubaya'a, ya bar birni a hannun Sarkin Shanu. Zariya tana kudu, shi kuwa ya yi yamma. Rundunar Morland ba ta tashi daga Zariya ba sai ranar 29 ga Janairu, wato sarkin ya kusa mako huɗu ba ya gari.

A nan ɗayan biyu ne. Idan Turawa ba su san sarki ya fita da dubban dawakai ba, alhali fatake suna kai da komo tsakanin Kano da Zariya kullum, to 'yan leƙen asirinsu ba abin dogaro ba ne, kuma sauran labaran da suka kawo ma abin tuhuma ne. Idan kuwa sun sani suka ci gaba da cewa Zariya tana cikin haɗari, to ba su faɗa wa gwamnatinsu gaskiya ba. Ya kamata a lura kuma cewa mai kawo wa Bature labari lada yake nema, kuma ya san irin labarin da maigidansa yake son ji. Daga cikin masu kawo labarin akwai waɗanda suke da tsohuwar ƙullalliya da Alu tun Yaƙin Basasar Kano na 1893 zuwa 1895.

3.5 Abin da Aka Ɓoye wa Landan

A ƙarshen 1902 mutanen Ingila sun gaji da yaƙi. A watan Mayu na shekarar aka gama yaƙin Afirka ta Kudu wanda ya ci rayuka da dukiya mai yawa, ga kuma wani yaƙin ana yi a ƙasar Somaliya. Manufar Ma'aikatar Mulkin Mallaka a fili take, wato a guji ɓatawa da Sarkin Musulmi iyakar iyawa. Lugga ya san haka, saboda haka ya yi ta tara soja da kayan yaƙi a Zariya ba tare da ya bayyana wa magabatansa cikakkiyar niyyarsa ba.

A watan Disamba na 1902 ne kamfanin dillancin labarai na Reuters ya bayar da labarin cewa ana shirin kai wa Kano yaƙi. Ta haka ne ma'aikatar ta farga da nisan da shiri ya yi. Sakataren Mulkin Mallaka Joseph Chamberlain yana Afirka ta Kudu a lokacin, mataimakinsa Onslow ne yake riƙe da ofis. Aka yi ta musayar wayar tangaraho, Landan tana tambaya, Lugga yana amsawa da cewa soja sun riga sun taru, janye su zai sa a ɗauka tsoro Turawa suka ji. Daga ƙarshe gwamnati ta amince ba da son ranta ba, ta kuma rubuta masa tana nuna rashin jin daɗinta game da yadda aka bar ta cikin duhu. Ta turo Janar Kemball ya jagoranci yaƙin, amma kafin ya iso Zariya runduna ta riga ta tashi. A farkon 1903 aka buga takardun da suka shafi Kano aka gabatar wa majalisar dokoki.

Ke nan rashin gaskiyar hawa biyu ne. Wakilin gwamnati ya ɓoye wa gwamnatinsa, ita kuma da ta ga nasara ta samu da araha sai ta rungumi hujjojinsa ta gabatar wa jama'arta kamar ba ta taɓa shakkarsu ba. Bayan an ci Kano ne aka fi kururuta batun cinikin bayi da munin kurkukun birnin. Bauta da harin bayi gaskiya ne, kuma talakawa sun sha wuya a kansu. Amma su Turawan da suka yi yaƙi da sunan 'yanta bayi ba su haramta bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936.

3.6 Yaƙi da Mubaya'ar Katsina

Morland ya fita da soja baƙar fata fiye da 700, da hafsoshi Turawa, da igwa huɗu da bindigogi masu ruwa huɗu. Ya fasa Bebeji a hanya, ya ci Kano ranar 3 ga Fabrairu bayan an huda ganuwa ta wajen Ƙofar Kabuga. A ƙarshen watan aka yi karo da rundunar Kano a Kwatarkwashi tana komowa daga Sakkwato, inda Waziri Ahmadu ya yi shahada. Alu ya yi arewa, aka kama shi a ƙasar Gobir, daga baya aka kai shi Lakwaja inda ya rasu a 1926. Sakkwato ta faɗi ranar 15 ga Maris. Attahiru ya yi hijira gabas tare da jama'a masu yawa, aka kashe shi a Burmi ranar 27 ga Yuli, 1903.

Ranar 21 ga Maris, wajen naɗa Attahiru na biyu, Lugga ya yi jawabin da ya zama tushen mulkin Turawa. Ya ce mutanen Sakkwato da kansu suka kashe alkawuran da ke tsakani, kuma duk abin da Fulani suka samu da yaƙi, na naɗa sarki da tuɓe shi da karɓar haraji da iko a kan ƙasa, yanzu ya koma hannun Ingila da yaƙi. A nan ne amfanin wasiƙar nan ya bayyana, domin in babu ita babu hujjar cewa alkawari ya warware.

Ranar 28 ga Maris Lugga ya isa Katsina, ya shiga ta Ƙofar 'Yanɗaka. Sarki Abubakar ya karɓe shi ba tare da an harba ko kibiya ɗaya ba. Katsinar da aka ce haɗari ce ga masu shata iyaka ita ce ta buɗe ƙofa. Amma sharuɗɗan da aka karanta wa Sakkwato su aka karanta mata, wato aka lissafa ta cikin ƙasashen da aka ci da yaƙi.

3.7 Tasiri a Yankin Funtuwa da Malumfashi

Tasiri na farko shi ne na sarauta. Abubakar bai cika shekara biyu ba bayan mubaya'arsa aka tuɓe shi aka kai shi Ilori. Labarin da ya shahara shi ne an tsinci mushen kare a rijiyar da Turawa suke sha, aka ɗora masa laifi. Aka naɗa Yero, shi ma aka tuɓe shi a 1906 aka naɗa Durbi Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta har 1944. Hakimai irin su Sarkin Maska da Galadima sun ga cewa rahoto ɗaya da ya isa kunnen Razdan ya isa ya raba mutum da rawaninsa. Wannan ya ɗaga darajar tafinta da masinja da ɗan tsegumi a harkar mulki.

Na biyu shi ne na ƙasa da haraji. Dokar filaye ta 1910 ta sanya ƙasar Arewa duka a ƙarƙashin ikon Gwamna, bisa hujjar nan ta cin ƙasa da yaƙi. Aka haɗe kuɗin ƙasa da sauran harajin gargajiya aka mai da su haraji guda, sannu a hankali aka tilasta biyansa da kuɗin Bature maimakon wuri ko hatsi. Manomin Bakori ko Ɗanja ko Ƙafur dole ya noma abin da zai sayar ya sami sule.

Na uku shi ne na auduga. A shekarar 1902 ɗin nan da ake tattara hujjojin yaƙi aka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta Ingila a Mancesta, domin sama wa masaƙun ƙasar auduga daga wani wuri ban da Amurka. Ba za a ce ita ta jawo yaƙin ba, amma ita ce ta ci moriyarsa a wannan yanki. Ta kafa injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi, layin dogo kuma ya ratsa Funtuwa ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Hedikwatar Sarkin Maska ta koma Funtuwa, gari ya bunƙasa, Maska ta ja baya. Audugar da masaƙa da marina suke sarrafawa a gida ta koma ana auna ta a fuloti ana lodawa a jirgin ƙasa.

3.8 Kwatanci da Yaƙin Iraƙi na 2003

Shekara 100 daidai bayan faɗuwar Sakkwato, a watan Maris na 2003, Amurka da Ingila suka auka wa Iraƙi bisa hujjar cewa tana da makaman ƙare-dangi. Cikin hujjojin har da wasu takardu da aka ce sun nuna Iraƙi ta nemi sayen yuraniyom daga Jamhuriyar Nijar. Ranar 7 ga Maris, 2003 shugaban hukumar makamashin nukiliya ta duniya Muhammad Elbaradei ya shaida wa Kwamitin Sulhu cewa takardun na jabu ne, amma ba a fasa yaƙin ba, kuma ba a sami makaman ba. Rahoton kwamitin Chilcot na 2016 ya ce an gabatar da barazanar da tabbacin da ya wuce abin da bayanan asiri suka nuna, kuma an shiga yaƙi kafin a gama bin hanyoyin sulhu. Waɗannan abubuwa biyu su ne aka gani a 1903. Bambancin shi ne, a kan Iraƙi an kafa kwamitin bincike, a kan Kano da Sakkwato kuwa sai bayan shekara 60 masana tarihi suka koma ga takardun.

3.9 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa kowace hujja daga cikin ukun tana da ƙwayar gaskiya a cikinta, amma an hura ta har ta wuce girmanta. Wasiƙa ce wadda ba a ga asalinta ba, marubucinta kuma ya rasu. Kisa ne da aka yi a Keffi aka nemi fansarsa a Kano. Hari ne da bai auku ba, daga sarkin da ba ya gari. An kuma ga cewa niyyar yaƙi ta riga labaran, kuma an ɓoye ta har ga gwamnatin da aka yi yaƙin da sunanta. Hausawa sun ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, to amma wannan ta 1903 ta yi 'ya'ya a kudancin Katsina, domin a kanta aka ɗora ikon tuɓe sarki da dokar filaye da harajin da manomin Funtuwa da Malumfashi ya yi ta biya har Turawa suka tafi a 1960. Babi na gaba zai dubi yadda aka tsara gundumomin hakimai a wannan yanki bayan naɗin Sarki Dikko.